Jirgin Baban Chamsiya

Iskar da aka yi ta jira tun safe ba ta tashi zuwa ba sai da Hassoumi ya juya baya yana neman filaya. Ta biyo ta kan gonar masarar maƙwabta, ta tarar da ƙaton ƙyallen nan ja da ruwan ɗorawa rataye a saman jirgi, ta cika shi tim. Jirgin kuwa ba a ruwa yake ba. Yana ɗaure a kan tirelarsa a bayan gida, a McLeansville, inda ko kududdufi babu. Tirela ta motsa, ta ture dutsen da aka tokare ta da shi, ta gangara a hankali, ta je ta yi zamanta a tsakiyar kuɓewar Saadatou.

Saadatou tana kallo ta tagar ɗakin ɗinkinta. Ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta cire tabarau, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. Irin kuɓewar nan daga Dogondoutchi aka kawo mata shi. Ta yi fama da zomaye, ta yi fama da barewar dajin nan marasa kunya masu shigowa har gindin taga, duk ta fi ƙarfinsu. Ashe mijinta ne zai gama da ita, da jirgin ruwa, a kan tudu.

"Malam," ta ce, "an sauka lafiya?"

Ko a jikinsa. Tambayarta ma ya yi ko ta ga yadda ƙyallen ya hau sama da ja ɗaya, shi kaɗai, ba wanda ya kama masa. Ta ce ta gani, kuɓewa ma ta gani. A daidai lokacin labulen ɗakin Chamsiya, babbar 'yarsu, ya motsa, aka ja shi aka rufe ruf. Ita ma ta ji abin da ya ce.

Jirgin nan tsautsayi ne ya kawo shi gidan. Hassoumi dillalin tsofaffin motoci ne a High Point Road, yana saye a gwanjo yana lodawa zuwa Kwatano. Wata rana ya je gwanjo ya taya tirela, aka sallama masa, aka ce tarkacen da ke kanta ma nasa ne. Tarkacen shi ne katamaran: kwalekwale biyu sirara da aka haɗa da ƙarafa, an ɗame tamfol a tsakaninsu, ga doguwar sanda a tsaye ta rataya ƙyallayen da iska ke turawa. Ba inji, ba filafili. Da wani ne, da tuni ya sayar wa masu gwangwan. Amma Hassoumi Basarke ne, jinin masunta, haifaffen Gaya, ya iya iyo kafin ya iya tsarki, kuma tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa ruwan da ya wuce na famfo ba. Ya jawo abin ya kawo gida. Chamsiya, wadda a lokacin ko firamare ba ta gama ba, ta haye kan tamfol ta ce ba ta sauka.

Tare suka koya a tafkin Townsend. Sun kife har Saadatou ta gaji da shanya kaya. Daga baya suka daina kifewa, daga nan kuma suka fara wuce Turawan da suka koya musu a tseren ƙarshen mako. Shi ne a baya riƙe da sandar tuƙi, ita ce a gaba. Babban aikinta shi ne jan ƙyallen nan, wanda masu abin ke kira sifinika, Saadatou kuma ta raɗa masa malum-malum. Ba a fito da shi sai iska tana bayan jirgi. Chamsiya ce ke zaro shi daga jaka, ta ɗaga shi, ta yi ta lallashinsa da igiya, in an zo wurin juyawa kuma ta tattaro shi a ƙirji kafin iska ta bugo shi ta gefe ta kayar da su. Shi dai nasa umarni ne: ke, ɗaga; ke, sauke.

To a nan take, a wannan "ke" ɗin. Chamsiya 'yar fari ce, kuma Hassoumi bai taɓa faɗin sunanta ba. Haka ya tashi ya gani. Ubansa bai taɓa kiran sunan yayansu ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in yana yabonsa ma sai ya kawar da kai ya ce "wancan yaron". Kunya ce, kuma a Gaya ba wanda zai ce maka ƙiyayya ce. Ita ma Saadatou da haka ta zo. Sai dai wata rana a wani babban kanti, yarinyar tana ƙarama, ta ɓace mata a cikin rigunan da aka rataya. Ta tsaya tana ta "ke, ke", ba wanda ya waiwayo. Da hankalinta ya tashi ta buɗe baki ta ƙwala sunan, yarinya ta fito da gudu. Tun ranar ta yar da kunyar nan a cikin kantin, ba ta koma ɗauka ba. Shi kuwa tasa na nan daram. Abin haushin, a masallaci da kasuwa Baban Chamsiya ake ce masa, yana amsawa har da murmushi.

A bazarar 2007 wata jami'a a Seattle ta ɗauki Chamsiya, can ɗaya ƙarshen ƙasar, inda ba a zuwa a dawo a ƙarshen mako. Ta faɗa ana cin tuwo, cike da murna. Hassoumi ya ce madalla, Allah ya sa albarka, ya ce a miƙo masa yaji. Saadatou kaɗai ta lura bai gama tuwonsa ba. Ba a yi mako ba 'yan kwalaye suka fara isowa gidan. Fuli ne a ciki, 'yan ƙananan tayoyin nan da igiya ke bi ta kansu, da igiyoyi kala-kala, da wasu 'yan ƙarafa masu haƙora da ke cije igiya su riƙe. Bai ce wa kowa komai ba. Ya dai shiga gyara jirgi yadda mutum ɗaya zai iya tuƙa shi, har da malum-malum.

"Mama, ya musanya ni da fuli," in ji Chamsiya. Da Turanci ta faɗa, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. "Ko jira in tafi bai yi ba."

Saadatou ta ce ba haka ba ne. Yarinyar ta ce to yaya ne? Yana kiran ƙannenta Abdoul-Aziz da Afnan da sunansu, har karen maƙwabta ya san sunansa yana kira. Ita fa? Ta yi shekaru tana jan igiya har tafin hannunta ya yi kanta, ita ce "ke". Saadatou ta shiga bayanin kunya, da yadda ake yi a gida, da cewa wanda aka fi ji da shi ne ake kawar wa kai. Chamsiya ta saurara har ƙarshe, saboda tana da ladabi, sannan ta ce nan ba Gaya ba ne, ita kuma ba ta iya karanta shiru ba. Ta ce in ta tafi ba za ta zo hutun Disamba ba, za ta nemi aiki a can. Na bazara ma sai ta gani.

Saadatou kuwa ta san kan 'yarta. Kan ubanta ne sak. In ta ce ba ta zuwa, to ba ta zuwa, kuma hutu ɗaya ne ke zama biyu, biyu su zama shekaru. Ta ga irin haka a gidajen mutane a garin nan. Abin da ya rage kafin tafiyar bai fi 'yan makonni ba.

Kamar duk wannan bai isa ba, sai ga Hassoumi da malum-malum rungume a ƙirji, ya zo ya zube mata shi a ɗakin ɗinki, a kan shaddar mutane da ake jira don suna. Ya ce taimako yake nema. Tun da babu mai tattaro ƙyallen da hannu, dole a ɗinka masa doguwar jaka mai baki buɗe da za a ɗaure a gaban jirgi. A tsakiyar ƙyallen kuma a ɗinka faci biyu masu zobe, ga inda ya yi alama da alli. Igiya ɗaya ce za ta yi aikin duka: a ja ta nan ƙyalle ya hau, a saki a ja ta can ta bi ta zobban ta zuƙe shi cikin jaka. Ya kawo ƙarshen igiyar har baya, inda yake zama, don kada ya tashi daga kan tuƙi. Yana bayani idonsa na ƙyalli, sai ka ce shi ya ƙirƙiro iska.

Ta ɗinka. Me za ta yi? In ta ƙi, wurin wani zai kai a yi masa aikin banza, ya je ya nutse. Yadin kuwa santsi gare shi kamar kuɓewar da ya kashe mata, allura ta yi ta karyewa, ita kuma tana ta tsaki. Jakar da ta fito sai ka ce ƙafar wandon ƙato. Yana tsaye a kanta yana nuna mata inda za ta ninka ɗinki, ta dakatar da keke.

"Yarinyar nan gani take ka kore ta."

"Ni na kore ta? Ita ce mai tafiya."

"To ka gaya mata ba ka son tafiyar."

Ya dube ta kamar ta ce ya fita tsirara. Ya ce haba, wane irin uba ne zai tsaya gaban 'yar cikinsa yana irin wannan magana? Kuma in ta ga yana buƙatarta, ai sai ta fasa karatun, ko ta tafi zuciyarta na nan. Gara ta ga jirgi na tafiya lafiya lau ba ita, ta tafi hankali kwance. Don ita yake yin duk wannan wahalar.

Saadatou ta daɗe tana kallonsa. Wato mutumin nan, a ransa, alheri yake yi. Yana yanka yarinya yana ganin ado yake mata. Ta ce to ko sunanta ya kira sau ɗaya, sama ba za ta faɗo ba. Ya ce ɗinkin nan na gefen hagu ya ɗan karkace.

Ta kai wa Chamsiya maganar yadda ya faɗe ta, ba ƙari. Yarinyar tana ninke kaya a akwati, ba ta ɗago ba.

"Shi ya faɗa, ko ke kika ɗinka masa?"

Wallahi a ranar Saadatou ta ji kamar ta haɗa kawunansu biyu ta gwara. Tana tsakanin mutum biyu masu son juna, ɗaki ɗaya ne tsakaninsu, amma ita ce ta zama ɗan aike, kuma duk wanda ta kai wa saƙo sai ya tuhume ta.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyar akwai tsere a tafki, kuma ranar ce Hassoumi ya sa zai gwada jirgin shi kaɗai. Chamsiya ta ce ba ta zuwa. Saadatou ta ce ƙafarta na ciwo ba za ta iya tuƙa mota ba, kuma ba za ta bar mijinta ya je ya halaka ba tare da shaida ba. Ƙarya ce, kuma yarinyar ta san ƙarya ce, amma ta ɗauki makullin mota.

Suka tsaya a kan dandamalin katako da ake ɗaure jirage. Rana ta yi zafi, iska kuwa ta samu, tana kaɗowa daga can tsallaken tafki zuwa inda suke. Chamsiya ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta sa baƙin tabarau. Aka busa ƙaho, jirage suka tashi suka nufi inda iska ke fitowa, suna karkata nan da can, har suka ƙanƙance. Daga can suka zagaya alama suka juyo, iska ta koma bayansu. Sai ga ja da ruwan ɗorawa ya fito daga jakar da Saadatou ta ɗinka, ya hau sama sumul, ya kumbura. Jirgin ya ɗaga ƙafa ɗaya ya taho a guje, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Komai ya yi aiki, fuli da igiya da faci. Saadatou ta so ta ji daɗin ɗinkinta, amma ta saci kallon 'yarta ta ga yadda ta cije leɓe, daɗin ya koma ciki.

"Ga shi nan," in ji Chamsiya a hankali. "Ba ya buƙatar kowa."

Alamar juyawa ta biyu, wata ƙatuwar roba mai ruwan lemo, ba ta da nisa da dandamalin. Kafin a kai gare ta ake sauke malum-malum. Abin da Hassoumi zai yi kaɗan ne, kuma ya maimaita shi a bayan gida har kuɓewa ta shaida: ya danne sandar tuƙi da cinya, ya fizge igiya daga haƙoranta, ya ja. Igiyar tana nan kusa da gwiwarsa. Amma idonsa na kan alama, ga jirgi na binsa a baya, ga tsere ya yi daɗi. Sai iska ta ɗauko muryarsa ta kawo musu tar.

"Ke, sauke!"

Saadatou ta ga hannun Chamsiya ya zabura daga ƙirjinta ya kai wa iska cafka. Shi kuwa tuni ya fara karya kan jirgi, yadda ya saba, ba tare da ya duba ba, don bai taɓa buƙatar dubawa ba. Ƙyalle yana sama. Ya sake cewa "Ke!", sannan ya waiwaya ya dubi wurin da babu kowa. Iska ta bugo malum-malum ta gefe, kwalekwale ɗaya ya tashi sama, ya yi ta tashi, doguwar sandar ta kwanta a ruwa, Hassoumi ya sulale ta kan tamfol ya faɗa tsundum.

Ruwa ba ya ba Basarke tsoro. Nan da nan ya ɓullo, ya haye kwalekwalen da ke ƙasa, ya jefa igiya ta kan na sama, ya kama ya jingina baya da dukkan nauyinsa don ya tayar da jirgin. To wane nauyi? Mutum kamar sillen kara. Jirgin ko gezau. Duk dabarun da ya yi wata guda yana ƙullawa, bai tuna cewa mutum biyu ke tayar da katamaran ba. Sauran jirage suka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya suna tambayar ko lafiya, yana ɗaga musu hannu.

Malachy, dattijon da ke tuƙa kwalekwalen inji na ceto, yana kwance igiyarsa ke nan Chamsiya ta dira a ciki. Ta bar wa uwarta tabarau da makulli. Da suka isa ba ta jira ya tsaya ba, ta faɗa ruwa. Saadatou tana hango ta: ta fara sakin igiyar da ya manta, ta zuƙe jiƙaƙƙen ƙyallen cikin jakarsa, sannan ta hau ta tsaya a bayan ubanta, ta kama igiyar da yake riƙe da ita. Suka jingina tare. Sandar ta ɗago daga ruwa tana zubar da shi, ta ɗan yi jinkiri, sannan jirgin ya miƙe ya faɗo a kan ƙafafunsa biyu. Suka hau, kowa ya koma mazauninsa, suka ƙarasa tseren. Su ne na ƙarshe.

Saadatou ta yi ta hamdala a zuci. Ta ce shi ke nan, Allah ya yi mata aikin da ta kasa. Yanzu kam ko dutse ne ya yi magana. Suka jawo jirgi bakin ruwa, suka fito sharkaf. Chamsiya ta tsaya kusa da shi, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, tana kallon fuskarsa. Jira take, kowa ya ga jira take. Hassoumi ya cire hula ya matse, ya dubi ƙasa, ya dubi jirgi, sannan ya juyo wurin matarsa.

"A ba ta abin goge jiki," ya ce, "kada mura ta kama ta."

Chamsiya ta karɓi makulli a hannun uwarta ta nufi mota. Da Saadatou na da ƙarfi, da ta ɗauke shi cak ta mayar da shi cikin tafkin.

Washegari ma sai ga shi a ƙofar ɗakin ɗinki da ragowar wani shuɗin tamfol. Malachy ya ba shi shawara, wai masu tuƙi su kaɗai suna tafiya da jakar ruwa. In jirgi ya kife sai mutum ya cika ta, ya rataya a kafaɗa, ya jingina da ita, ta zame masa mutum na biyu. Yana so a ɗinka masa mai ƙwari. Saadatou ta tambaye shi girmanta. Ya sosa ƙeya ya ce daidai nauyin yarinyar, tun da an ga nauyin ya isa. A tambaye ta.

"Wace yarinya?" in ji Saadatou.

"Kin sani mana."

"'Ya'ya mata biyu gare ni, Malam."

Ta ga ya buɗe baki, har ta riƙe numfashi.

"Babbar," ya ce.

Ashe Chamsiya na tsaye a bayansa riƙe da kwandon wanki. Ta faɗi nauyinta da kanta, da Turanci, kamar mai ba likita amsa, ta wuce.

A filin jirgi shi ya ɗauki akwatunan, ya duba zif, ya sake dubawa, ya hana kowa taɓawa. Da aka zo rabuwa ya dubi allon da ke nuna tashin jirage ya ce Allah ya tsare, a riƙe salla. Chamsiya ta ɗan rusuna ta ce, "Sai wata rana, Baba." Ba ta ce sai Disamba ba. Saadatou ta yi kuka a mota har gida, rabi na kewa, rabi na takaici, shi kuma yana ta gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Aka shiga kaka, ganyayen itatuwa suka fara ja. Chamsiya tana kiran uwarta a ƙarshen mako, su yi hirar karatu da ruwan saman garin da ba ya ɗaukewa, a ƙarshe ta ce a gaida Baba. Shi kuwa duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai wani aiki ya taso masa a kusa, ko ƙofar kabad ce ke ƙara, ko ƙwan fitila ne ke son canji. In an gama ya ce, "An ce lafiya dai?" Saadatou ta ce masa lambar ba ɓoyayya ba ce. Maganar hutu kuwa, duk sanda ta ɗauko ta, yarinyar sai ta ce ta samu aiki a ɗakin karatu.

Wata Lahadi bayan la'asar Saadatou tana wanke-wanke, tagar kicin a buɗe. Hassoumi yana bayan gida. Ya ɗaura igiya a reshen babban itacen da ke kusa da tagar, ya cika shuɗiyar jakar da ruwan tiyo, ya rataya ta a kafaɗa, yana gwada yadda zai jingina da ita in ya sake kifewa. Jakar na rinjayarsa, yana tangaɗi, ruwa na zubo masa a wuya. Ta girgiza kai ta ci gaba da cuɗa tukunya. Sai ta ji yana magana, ta ɗauka da ita yake, ta kashe famfo.

"A'a, ba haka ba," yake cewa. "Kin cika gaggawa. Jira in kafa ƙafa." Ya gyara tsayuwa. "To yanzu. Jingina, Chamsiya."

Ya faɗe shi a hankali, kamar mai kurɓar shayi mai zafi. Da ya ji bai ƙone ba sai ya sake. Yauwa, Chamsiya. Riƙe da kyau, Chamsiya. Daga nan baki ya buɗe. Ya shiga ba jakar labarin tseren makon jiya, yadda ya tuna igiya wannan karon amma ya makara, yadda gaban jirgi ya yi shiru da yawa, yadda har yanzu yake sayen lemo biyu a hanyar tafki sai ya zo biya ya tuna.

Saadatou ta tsaya da soso a hannu. Abin da ya fara zo mata haushi ne, haushi mai tsanani. Tun ranar suna ake jiran kalmar nan daga bakin mutumin nan, an roƙa, an yi kuka, an tsallaka ƙasa guda da ciwonta, ashe jakar tamfol ce mai rabo. Jakar da ita ta ɗinka. Ta kai hannu za ta buga taga ta gaya masa abin da ke ranta, sai idonta ya faɗa kan salularta a gefen murhu.

Ta ɗauko ta kira. Chamsiya ta ɗauka tana cewa tana wurin aiki, za ta kira anjima.

"Yi shiru ki saurara," in ji Saadatou.

Ta zura hannu ta taga riƙe da wayar, kumfa na bin gwiwar hannunta. A waje Hassoumi ya ba ta baya, ya jingina da igiya, yana faɗa wa jaka cewa hannunta ya fi na kowa sanin iska a tafkin nan, Turawan ma sun sani, shi dai bai faɗa ba ne. Yana faɗa yana kiran sunan. Saadatou ta riƙe har kafaɗarta ta gaji, sannan ta dawo da wayar kunnenta. Ba ta ji komai ba sai numfashi.

"Da wa yake magana?" in ji Chamsiya. Da Hausa ta yi tambayar.

"Da jakar ruwa."

Wani sauti ya fito ta wayar, Saadatou ba ta tantance dariya ce ko kuka ba.

"Mama, mayar da wayar."

Saadatou ta canza hannu, ta sake miƙa ta ta taga. Ta so ta yi tsaki, amma ta haɗiye shi, don kada ya ji ya daina.